Ƙishin Gonar Baba

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar, Gwadangaji

Yau ma na iske ruwa kwance a ɓangaren da ya kamata ya bushe. Ba yau farau ba, shi ya sa na ce bari in fara rubutawa kafin in fashe, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Gonar Baba ce, Allah ya jiƙansa, a fadamar Argungu. Na raba ta biyu da kunya. Gabas ruwa kullum, yadda kowa ke noman shinkafa. Yamma kuma a shayar, a bar ta ta sha iska har ruwan ya nutse cikin ƙasa, sannan a sake shayarwa. Aikin digirina na biyu ke nan. Laka idan ta daɗe ƙarƙashin ruwa tana fitar da wata iska, metan, wadda ido ba ya gani amma tana ƙara wa duniya zafi. Nawa shi ne in kifa akwatin roba a kan shinkafa, in zuƙo iskar da ta taru da sirinji, in ɗura a 'yan kwalabe in kai wa Malama Priscilla, mai duba aikina, nan Birnin Kebbi. So muke mu ga ko busarwar tana rage iskar ba tare da ta rage shinkafa ba. To ta yaya zan auna bushewa a cikin tabki?

Ga kuma Yaya Maliki. Shi so yake a sayar da gonar a raba gado, har yana da mai saye, wani mai albasa daga Aliero. Da ƙyar Inna ta sa baki ya yarda da sharaɗi: a ba ni rani ɗaya. In na fitar da shinkafa kamar yadda Baba ke fitarwa, gona ta zauna. In ban fitar ba, babu sauran magana. Ni na amsa da bakina, a gaban Inna.

Wani ne ke zuba ruwan nan. Shinkafa ba ta shayar da kanta.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Malama ta duba sakamakon kwalaben makon jiya. Gabas da yamma duk ɗaya, ba ka bambance su. Ta cire tabarau ta ce, "Nazifa, ko dai kin haɗa kwalaben ne?" Na ce ban haɗa ba. Ta ce, "To gonarki ba ta bushewa. Ki gano dalili, lokaci ba ya jiranmu." Ba faɗa ta yi mini ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan azahar, Argungu

Na kwana gida wurin Inna. Ta rame, amma in ka tambaye ta sai ta ce zafi ne. Takalman Baba har yanzu suna bakin ƙofar ɗaki, ba wanda ya ɗauke su, ni ma ba zan ɗauke ba.

Da safe na tafi gona. Na ja injin Baba na shayar da gabas, hannuna har ya yi kanta da igiyar nan. Na leƙa bututun robar da na kafa a yamma don ganin inda ruwa ya tsaya cikin ƙasa. Cike yake fal. Kuma ga shatin tiyo a kan laka, ya taho daga arewa.

Arewa gonar Baba Hodi ce, aminin Baba tun suna yara. A gabansa aka raɗa mini suna. Na ce a raina, a'a, ba dai shi ba. Sai kuma na tuna ranar Juma'a na ga Yaya Maliki tsaye da shi bakin masallaci sun daɗe suna magana. Allah na tuba, zargi ba kyau.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da safe

Ban yi barcin kirki ba. Ruwa kawai nake gani.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Shi ne.

Na yi sammako na isa fadama rana ba ta gama fitowa ba, na samu Baba Hodi tsugune, tiyonsa a cikin gonata, ruwa na gudu abinsa. Ko razana bai yi ba. Ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, kin kwana lahiya? Na iske ta ta soma tsagewa, shi na nib ba ta kaɗan."

Kaɗan. Aikin mako uku ya tafi a banza, wai kaɗan.

Na ce, "Baba, ai na hwaɗa maka tun ranar dashe, wanga gefe da gangan nike barin shi ya bushe." Ya ce awo, ya ji, amma shi idonsa ba ya iya ganin shinkafa da ƙishi ya wuce. A fadamar nan, in ka ga gonar maƙwabcinka ta bushe kuma injinka na aiki, juya tiyo kake yi, ba ka tambaya. Na sani, a nan na tashi. Amma raina ya riga ya ɓaci, kunnena ya toshe. Na ce, "Ko dai Yaya Maliki yas sa ka, don aikina ya lalace a sai da gona?"

Ya dube ni. Ya kashe injin, ya naɗe tiyonsa a hankali, ya tafi.

Ni ce da gaskiya. Aikina ne, kuma na faɗa masa tun farko.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la'asar

Na kai maganar wurin sarkin noma. Niyyata ya ja masa kunne a keɓe, su biyu. Ban san zai tara mutane ba. Na iske manoma zaune a inuwar darbejiya, aka aika aka kira Baba Hodi, tsoho da shi, ya zo ya zauna a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar wani.

Na yi bayani, na yi maganar iska da zafin duniya, wasu na murmushi. Wani ya ce yau ga abin mamaki, an kawo ƙarar mutum don ya ba da ruwa. Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta tunzura ni. Na sake maimaita maganar Yaya Maliki, a gaban kowa.

Sarkin noma ya tambaye shi abin da zai ce. Ya ce, "Ni da Malam alkawali munka yi tun muna samari. Wanda yar riga wani tahiya, na baya ba ya barin shinkahwatai ta ji ƙishi. Shi ke nan abin da ni sani." Malam, haka yake kiran Baba. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Amma tunda ɗiyatai ta ce sa ni anka yi, wallahi, tallahi, ko ɗigon ruwa ba ni ƙara sa ma gonag ga, gabas ko yamma, sai ranar da ta ce mini da bakinta."

Sarkin noma ya ce kowa ya shaida, kada wanda ya ƙara taɓa gonar 'yar Malam. Na samu abin da na zo nema. A mota har Birnin Kebbi ban iya haɗa ido da kowa ba.

Baba bai taɓa gaya mini maganar alkawarin nan ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan sallah

Inna ta kira. Labari ya kai mata. Abin da ta ce kawai, "Nazifa, Hodi kinka kai gaban jama'a?" Ina jin numfashinta sama sama. Na ce zan je in ba shi haƙuri idan na gama awon wannan zagaye. Ta ce to.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Yamma ta fara bushewa yadda nake so. Ruwan bututu ya sauka, ƙasa ta yi 'yar tsaga. Na ɗibi iska, kwalabe sun cika lafiya. Rabon da in ji daɗin aikin nan har na manta.

Shinkafar ta yi ciki, nan da 'yan kwanaki za ta fitar da kai. Daga nan wasa ya ƙare: lokacin fure ba a busarwa, ko a littafi haka yake, dole ruwa ya zauna a gona har ƙwayar ta ɗauki nono. Ranar Talata in Allah ya kai mu zan cika duka gefen biyu.

Baba Hodi yana gonarsa. Na gaishe shi daga nesa, ya amsa, bai ɗago ba. Na ce sai Talata, in haɗa da ba da haƙurin gaba ɗaya.

Litinin, 21 ga Afrilu, da azahar, asibiti

Inna ta faɗi a tsakar gida. An kawo ta Birnin Kebbi. Ba ta magana.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Gefenta na dama ba ya motsi. Da na hagun take riƙe zanina, in na miƙe ko alwala zan yi sai idonta ya cika da tsoro. Ni kaɗai ce mace a 'ya'yanta. Wa zai juya ta, wa zai gyara ta?

Yau ce Talatar. Na tare Yaya Maliki a baranda na ce don girman Allah ya je ya tada injin Baba ya cika gonar, duka biyu. Ya ce, "Uwarmu na kwance ke kina zancen shinkahwa?" Na ce na ji, amma ya taimaka. Ya ce ya ji, zai yi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da safe

Na tambaye shi. Ya ce an shayar. Na ce kai da kanka? Ya ce, "An shayar na ce miki."

To an shayar.

Alhamis, bayan isha'i

Tsohuwar wayar Baba tana jakata, ni ke riƙe da ita tun rasuwarsa. Ɗazu ta yi ƙara. Ba wanda ke kiranta yanzu. Na duba, "Hodi Aminina", yadda Baba ya sa na rubuta masa. Na zuba mata ido har ta katse.

Jikin Inna zai tambaya. Da wane baki zan amsa masa? Sai na je da ƙafata, irin wannan haƙuri ba a waya ake ba da shi ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da azahar

Zafi kamar a gasa mutum. Fankar ɗakin iska mai zafi kawai take juyawa. Ina yi wa Inna fifita, hankalina yana fadama. In an cika ta ranar Laraba, yanzu ruwan ya kusa ƙarewa, sai an ƙara. Yaya Maliki ya tafi Sakkwato, wai gobe zai dawo, kuma ya bar sallahu a kula da gona. Wa ya bar wa? Wayarsa ba ta shiga.

Wayar Baba ta sake ƙara, sau biyu. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Malama Priscilla ta zo dubiya da mijinta, ta kawo kunun gyaɗa a fulas. Ta riƙe hannun Inna ta yi mata addu'a irin tasu, Inna ta lumshe ido. A waje ta ce in manta da kwalabe, uwa ta fi digiri. Na so in ce mata ba kwalabe ke damuna ba, sai na ji in na buɗe baki kuka zan yi.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Inna ta yi magana. Kalma ɗaya, "ruwa". Na ba ta a cokali, har na jiƙa mata wuya.

Na kashe wayar Baba na tura ta ƙasan jaka.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Gwaggo Ma'u, ƙanwar Inna, ta iso daga Argungu za ta karɓe ni jinya. Muna gyara shimfiɗa ta ce, "Ke Nazifa, wane irin karatu na wanga? Duk hwadama maganar gonarku akai. Wai ta yi fari kamar an sa mata wuta, kuma an ce ke kinka hana."

Na ce Yaya Maliki ya shayar. Ta dube ni kawai.

Ban san ko mantuwa ya yi ba, ko wanda ya aika ne ya ji tsoron hukuncin sarkin noma, ko wani abu daban. Na ukun ba zan rubuta shi ba. Na riga na ga inda zargi ya kai ni.

Motar farko zan bi.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan la'asar, Argungu

Tun daga kan hanya na gane gonarmu. Duk fadama kore shar, ita kaɗai ta yi launin tabarma. Ganye ya naɗe kamar tsinke. Kawunan sun fito, sun bushe a tsaye, farare. Na murza ɗaya a tafin hannuna, ba komai ciki. Ƙasa ta tsage har hannuna yana shiga. Gabas ma haka, sai ɗan lungun kwari da ya riƙe danshi.

Baba Hodi yana zaune a kan kunyar iyaka, ya ɗora rawani a ka don rana. Injinsa a gefensa, da mai a ciki. Ya shimfiɗa tiyo tun daga rijiyarsa har bakin iyakar gonarmu, bakin tiyon ya tsaya daidai kan kunya, ko taki ɗaya bai ƙetare ba. Inda yake zama ƙasa har ta yi santsi.

Ya ce, "Ɗiyata, ya mai jiki?"

Na ce da sauƙi. Na ce, "Baba, mi ya hana ka ba ta?" Wai ni ce mai wannan tambaya.

Ya ce, "Kwanan hwarko na ce ko cikin aikin na. Ke kinka yi karatu, kin ce bushewa ba ta kashe ta, na ce to ko haka abin yake. Da ni ga kai ya hito ya soma hwari, na kira wayar Malam. Na hwaɗa ma Maliki ya hwaɗa miki. Na so in taho Birni, sai ni ce in na tashi, saƙonki ya iso ba ni nan, wa za ya ja injin?" Ya ce liman ya gaya masa ya karya rantsuwar ya yi kaffara. Ya kwana yana juya abin, har ya kama igiyar injin zai ja. Sai ya tuna in ya zuba ruwa aikina ya sake lalacewa, an tabbatar ke nan sa shi aka yi.

Sannan ya ce, "In ba ta?"

Na ce, "Ba ta, Baba."

Ja ɗaya injin ya tashi. Ya ɗaga bakin tiyon da hannu biyu ya ƙetare kunyar da shi. Ruwan yana zuba yana ɓacewa cikin tsaga, ko alamar jiƙa babu. Muka tsaya muna kallo har rana ta take tsaka. Daga ni har shi mun san ba abin da zai dawo.

Abin kunyar da zan rubuta a nan kaɗai: kafin ruwan ya kai yamma, na kifa akwatina na ɗibi iska. Hannuna ne ya yi, don ya saba.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Malama ta kira da murna a muryarta. Wai kwalaben ranar Alhamis kusan babu metan a cikinsu, ba ta taɓa ganin ya sauka haka ba, me na yi? Na ce shinkafar ce ta mutu. Ta ce, "Wayyo, Nazifa."

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

An sallami Inna. Tana zama, tana cin abinci da hagu, maganarta na fita kaɗan kaɗan. Ba ta tambaye ni gona ba. Tunda ba ta tambaya ba, ta sani.

Kullum da safe Baba Hodi na shayar da lungun kwarin nan, in ji Gwaggo.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan azahar

An yanke. Abin da aka samu a baro ɗaya aka kawo shi gida. Lokacin Baba sai an yi hayar mota.

Yaya Maliki bai yi mini gori ba, ko kalma. Ya zo ya zauna wurin Inna ya ce mai albasa zai zo ranar Asabar da shaidu. Ya dube ni ko zan yi magana. Me zan ce? Magana zarar bunu ce, ni na amsa sharaɗin nan.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan magariba

An sayar.

Da suka watse na tsaya cire bututaina. Ƙasa ta riƙe su gam, na yi ta fama, sai ga Baba Hodi da fartanya ya haƙe mini su ɗaya bayan ɗaya, ya karkaɗe laka, ya jera a kan akwatin.

Na durƙusa a gabansa, nan cikin karan shinkafa. Na ce, "Baba, na yi maka ƙazafi gaban mutane, kuma ka kira ni na ƙi ɗauka. Ka yahe mini." Duk abin da na shirya faɗa tun a mota, iyakar abin da ya fito ke nan.

Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Na yahe miki tun ranar, duniya da lahira."

Ya tsaya yana kallon gonar, daga gabas har yamma. Ya ce, "Ke taki mai sauƙi ta, kin iske ni da rai. Ni da nib bar shinkahwatai ta mutu da ƙishi ina zaune ina kallo, wa za ni roƙo?"

Ya saɓa fartanyarsa ya bi kunya ya tafi. Ba gida ya nufa ba, hanyar maƙabarta ya bi.

Na ɗauko akwatina na dawo. Wayar Baba na ƙasan jaka, har yanzu ban kunna ta ba.